Tulun Iya Delu

A wayata ba ni da fuska.
Inda kowa ke sa ido da hanci,
ni tulu na sa,
tulun Iya Delu mai tsaguwa a wuya,
wanda aka liƙe da siminti shekarar da aka haife ni.
Sunana a can 'Yar Rijiya.
Da shi nake rubutu bayan lisha,
in wutar Tudun Jukun ta ga dama.

Na rubuta famfon layinmu
da ya shekara uku yana tari, ko kaki babu.
Na rubuta kuɗin jarka,
da mai kurar ruwa da ake wa fadanci tun asuba.
Mutane suka ce tulu ya faɗi gaskiya.
Ba wanda ya taɓa tambayar tulu shekarunsa,
ko yana da aure,
ko fari ne.

Tanimu ƙanena ya ce,
Yaya, mai gaskiya ba ya magana ta bayan zana,
wa zai yarda da tukunya?
Ya yi ta naci kamar sauron damina
har na tsaya masa a ƙofar gida,
ya ce ɗaga haɓa, ɗan murmusa.
Ban lura da bangon bayana ba,
da lambar da masu rigakafi suka rubuta da alli,
da allon shagon Malam Shitu mai gyaran keken ɗinki.

Kwana tara fuskata ta yi a waje.

Rana ta biyu,
a cikin keke daga Ƙofar Doka za mu Sabon Gari,
wani mai hula zanna ya waiwayo:
Ke ce ko? Ta kusa da Shitu?
Ya yi dariya ta arziki, har ya biya mini kuɗin mota.
Ni kuwa na sauka tun ban kai ba,
na taka ragowar hanya ina duba bayana.

Rana ta shida aka turo mini ni.
Mayafina ne ruwan toka, murmushin da Tanimu ya roƙa,
a ƙasa an ce sunana Barira,
ƙodata ta lalace,
ga lambar asusu, a taimaka don Allah.
Wata ƙawata ta Samaru ta tura dubu biyu tana kuka
kafin ta kira ni.
Ban taɓa jin kunyar lafiyata ba sai ranar.

Na sauke hoton.
Amma takalmin da ya faɗa Kubanni da damina
ba ya dawowa da ƙafarsa.
Fuskata tana can har yanzu
tana jinya a garuruwan da ban taɓa zuwa ba,
ana yi mata addu'a,
wani yana cin tsire da ita.

Na mayar da tulu mazauninsa.
Tanimu ya daina wa'azi,
ya koma cire nasa hotunan ɗaya bayan ɗaya,
yana tsammanin ban gani ba.

Na ce shi ke nan, na sake ɓuya.

Jiya da la'asar Inna na tankaɗe,
maƙwabciyarmu Asabe tana karanta mata wani abu a waya,
suna ta ƙyaƙyatawa.
Da na shigo Inna ko ɗagowa ba ta yi ba,
ta ce, sannu 'Yar Rijiya.
Na ce wa?
Ta ce duk Zazzau wa ke cewa famfo yana tari in ba ke ba?
Sannan tsaguwar nan ta wuyan tulu
ni na yi ta, ina ɗauke da cikinki,
na ce wa kakarki akuya ce.

Ta buga rariya a gwiwa, gari ya tashi.
Ta ce, wannan kuma kada ki rubuta.